Aron Sunan Hanifa

A gidan Alhaji Sunusi da ke Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, ba a sata. Gidan mutunci ne, ana sallah kan lokaci, da azumi kuma ana raba wa maƙwabta shinkafa. Aro kawai ake yi. Irin wannan aron aka yi wa Hanifa, 'yar ƙanin Alhaji, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, wadda ta iso daga Argungu da akwatinta na ƙarfe saura mako uku a koma makaranta.

Hanifa ta ci jarrabawar shiga sakandaren kwana ta 'yan mata, irin wadda iyaye ke rububi. Takardar da makarantar ta aiko ta jero abin da sabuwar ɗaliba za ta zo da shi, tun daga katifa da gidan sauro har bokiti da tsintsiya da fartanya, kuma komai a rubuta masa sunan mai shi. A ƙasa an ja layi, an ce Asabar ɗin ƙarshe ta hutu za a gana da sababbin ɗalibai da iyayensu mata, a yi musu bayanin zaman makaranta, a kira suna, a ba kowa gadonta. Tunda makarantar a Birnin Kebbi take, uban Hanifa, Kalilu, manomin shinkafa, ya ce ta sauka gidan yayansa a ɗinka mata kayan makaranta, a yi mata gwajin asibiti.

Akwatin kuwa aikin uwarta ne, Ummu Hani. Hanifa ce 'yar farinta, saboda haka tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, kamar yadda ta tarar ana yi. "Ke" take ce mata. Ko ranar da ta kai akwatin wurin mai fenti a kasuwar Argungu, da ya tambayi sunan da zai rubuta, takardar makarantar ta miƙa masa, ta kau da kai tana kallon masu albasa. Amma ita ce ta cika shi da ƙuli-ƙuli da yaji da garin kwaki da busasshen kifi, sai da ta danne da gwiwa kafin ya rufu. Ranar tafiya ba ta yi rakiya ba. Daga bakin murhu ta ce, "Ke, a kula da makulli."

Kifin aka fara ara. Hajiya, matar Alhaji, ta ce kifin Argungu ba a ajiye shi, ƙwari ke shiga, aka zuba shi a miyar rana. Sannan ta karɓi makullin, don gidan akwai masu shiga da fita. Alhaji ya karɓi takardar makarantar ya sa a aljihun babbar riga, don yara da yar da abu. Washegari aka kai Hanifa kasuwa aka auna ta, ta dawo tana murna, tana lissafin kwanaki da yatsu.

A gidan akwai Sharifa, 'yar Alhaji, shekararta goma sha huɗu. Sau biyu tana zama wannan jarrabawar, sau biyu jarrabawar na tashi ta bar ta a zaune. Wannan ba wani abin kashe kai ba ne, makarantu sun yi yawa a gari. Matsalar ita ce Hajiya ta riga ta faɗa wa matan unguwa a gidan suna cewa Sharifa ta samu, tun sakamako bai fito ba, kuma bakin Hajiya ba ya komawa baya.

Rana ta huɗu, bayan la'asar, Alhaji ya kira Hanifa falo. Har lemo aka ba ta.

"Hanifa, ke yarinya ta mai hankali," in ji shi. "Kin san ke da Sharifa jini guda na. Kakanku guda, Malam Hammadu, Allah shi jiƙan shi. Abin da ɗaya tas samu, ai gida yas samu."

"Haka na, Baffa."

"To madalla. Sunanki za mu ara ma 'yar uwakki ta shiga makarantag ga da shi. Aro na, ba ƙwace ba. Ke Allah ya ba ki ƙwaƙwalwa. Ki zamna nan wurinmu, baɗi ki sake rubutawa, kuma na san kina ci."

Hanifa ta dubi lemon da ke hannunta. Ba rashin kunya ta yi niyya ba, tambaya ce ta zo mata kamar a aji.

"Baffa, baɗi da wane suna za ni rubutawa?"

Tari ya sarƙe Alhaji. Hajiya, wadda ke tsaye bakin labule, ta tafa hannu.

"Ji mini yarinya da tsaurin ido! Suna ya ƙare duniya na? Abin da babba yah hango, yaro ko ya hau rimi ba shi hango shi."

Aka kira Kalilu a waya, aka ƙara murya don kowa ya ji. Kalilu ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi lafiyar kowa har da motar Alhaji. Da aka zo kan magana sai muryarsa ta yi ƙasa. Injin ban-ruwan da yake noman rani da shi na Alhaji ne, kuma rani na tafe.

"Abin da Yaya yac ce shi za a yi," in ji shi. "Ki yi haƙuri, kin ji? Haƙuri ba shi ɓaci."

Daga ranar aka shiga shirin makaranta gadan-gadan, kuma a gaskiya ba a taɓa shirya ɗaliba da himma irin wannan ba. Aka ɓalle hoton Hanifa daga takardar, aka maƙala na Sharifa. Aka kai Sharifa asibiti aka ɗebi jininta da sunan Hanifa. Saura abu ɗaya, wato Sharifa ta koyi amsa sunan, ita kuma mai sunan ta koyi yin shiru.

Hajiya ce malamar wannan darasi. Tana cikin kicin sai ta ƙwala kira, "Hanifa!" Sharifa na kwance kan kujera tana latsa waya, ko gezau. Daga bakin famfo, inda take wanke-wanke, Hanifa ta ce, "Na'am!" Sai ludayi a tsakar kai.

"Wa yak kira ki? Ke kurma ta daga yau, kin ji ko?"

"Na ji."

Kwana uku ana haka. Ludayin ya fi sauka a kan wadda ta amsa, don wadda ba ta amsa ba 'yar gida ce, kuma tana da ciwon kai in an matsa mata. A kwana na huɗu Hanifa ta iya. In an kira sunan sai ta cije leɓe, ta ci gaba da cuɗa tukunya.

Sannan aka ba ta aikin koyarwa, tunda ita ce mai ƙwaƙwalwa. Kullum da hantsi su zauna a baranda, ta riƙa yi wa Sharifa bita: sunan uba, sunan uwa, unguwarsu a Argungu, firamaren da ta gama, ranar haihuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Sharifa kuwa in ta riƙe sunan firamare sai ranar haihuwa ta zube, in ta tsince ta sai ta ce sunan ubanta Sunusi.

"Ni wallahi ban son makarantag ga," ta faɗa wa Hanifa wata rana, da Hajiya ta shiga wanka. "An ce ba a shiga da waya, kuma wake kullum. Mama ta ka so."

"To ki hwaɗa mata."

"Ke ki hwaɗa mata," in ji Sharifa, ta koma kan wayarta.

Yanzu duk gidan "ke" ake ce wa Hanifa. Ke kawo ruwa, ke share tsakar gida, ke goge akwatin Hanifa ya yi ƙura. Ta saba da "ke" tun tana goye, amma ta Inna daban ce. Inna in ta ce "ke", sunan na nan a ciki, an dai rufe shi ne kamar tuwon da aka ajiye wa wanda ake ji da shi. Ta gidan Baffa babu komai a cikinta. Abin ya riƙa cin Hanifa a rai, har ta daina cin abinci sosai, Hajiya ta ce ai 'yan Argungu in ba kifi ba su ƙoshi.

Saura kwana takwas aka koma wurin mai ɗinki. Sunanta Yetunde, amma ba mai kiranta haka, Maman Bolu ake ce mata, har a allon shagonta. Shekararta ashirin a Birnin Kebbi, tana jin Hausa kamar jakin Kano, ko da yake Kabanci ne a bakinta. 'Yarta Boluwatife ma ta ci wannan makarantar, kuma rabin kayan sababbin ɗalibai a kekenta aka ɗinka su.

Hajiya ta zube kayan a kan tebur, ta turo Sharifa gaba. "A buɗa su. Yarinya ta yi ƙiba."

Maman Bolu ta ɗaga rigar, ta dubi sunan da ita da kanta ta ɗinka a aljihu, ta dubi Sharifa, ta dubi Hanifa da ke riƙe da leda a bakin ƙofa.

"Cikin kwana goma, Hajiya? Har da tsawo?"

"Abincin gidana na. Ke dai yi aikinki."

Aka auna Sharifa. Hajiya ta ja ta suka tafi layin masu takalma, aka bar Hanifa ta jira kaya. Maman Bolu ta bari sai da suka sha kwana.

"Ɗiyata, zo nan. Ba ke nig gwada ba rannan?"

Hanifa ta yi niyyar yin shiru kamar yadda aka koya mata, amma an daɗe ba a ce mata "ɗiyata" ba. Ta faɗi komai, har ludayin.

"Innakki ta sani?"

"Ban sani ba. Ko ta sani ba ta magana. Ni ta ɗiyar hwari, ba ta shiga maganata gaban mutane. Ko sunana ba ta hwaɗi."

"Na san al'adakku, shekara ashirin ina gani," in ji Maman Bolu. "Mu sunan ɗan hwari muka yawo da shi, ga nau can bisa allo. Ku kuna ɓoyo. To kowa da nashi. Amma kunya ba kurumta ba ta. Ba ni lambarta."

Ta kira, ta gaishe da Ummu Hani, ta zayyana mata zance tun daga hoto har rigar da ke gabanta, ta faɗi ranar taro da lokaci. Hanifa ta matso da kunne. Can ɓangaren ana jin wata akuya na kuka a Argungu.

"To," in ji Ummu Hani. "Na gode. A gaida gida." Ta kashe.

Nan Hanifa ta fashe da kukan da ta yi kwanaki tana haɗiyewa. Maman Bolu ta yi tsaki, ba a san da wa take ba. Ta ƙara ƙyalle a gefen rigunan kamar yadda aka ce, amma ba ta yanke komai ba, kuma ɗinkin da ta yi irin wanda reza ɗaya ke warwarewa ne.

Ranar Asabar aka wayi gari da ruwan sama, ya ɗauke da hantsi. Alhaji ya sauke su a ƙofar makaranta ya wuce, don yana da ɗaurin aure a Zauro. Hajiya ta sha leshi, Sharifa na biye da makulli rataye a wuya, Hanifa a baya da akwati a ka. Aka ce ta ajiye shi a bakin ƙofar babban ɗakin taro, ta zauna a kai ta yi gadi.

Ɗakin ya cika da mata da 'ya'yansu. Shugabar makarantar, wata doguwa mai tabarau, ta yi bayani dalla-dalla: ba waya, ba man bilicin, ziyara Lahadin farko ta wata kaɗai, kuma duk uwar da ta jefo kular abinci ta kan katanga ita da kular za a kama. Mata suka yi dariya. Hanifa ba ta yi ba, don a bencin ƙarshe ta hango wani mayafi ruwan toka da ta sani, wanda ba a fito da shi sai Juma'a. Inna ce, takalmanta duk laka, da baƙar leda a cinya. Ko sau ɗaya ba ta dubi bakin ƙofa ba.

Aka fara kiran suna. In an kira yarinya sai ta miƙe tare da uwarta, shugaba ta dube su ta yi maki. Aka kira Boluwatife, Maman Bolu ta miƙe har da ɗaga hannu. Aka yi ta tafiya.

"Hanifa Kalilu Argungu."

Sai da Hajiya ta zunguri Sharifa da gwiwar hannu kafin ta tuna ita ce. Suka miƙe. A bencin ƙarshe Ummu Hani ma ta miƙe.

Shugaba ta leƙo ta saman tabarau. "Uwa biyu, ɗiya guda?"

Hajiya ta waiga, ta gan ta, amma ta dake. "Matar ƙanen maigida ta, Malama, rakiya taz zo. Zamna, Ummu Hani."

Ummu Hani ba ta zauna ba.

"Baiwar Allah, kina da ɗiya nan?" in ji shugaba.

"Akwai yarinya."

"Wace? Mi sunanta?"

Ummu Hani ta sunkuyar da kai. A ɗakin akwai matan Argungu da suka san ta, suka san uwarta, suka san Hanifa ce ta fari. Hajiya ta gyara mayafi, ta saki murmushi. Dama a kan wannan kunyar aka gina komai, ita da Alhaji sun san ko da wuƙa a wuya Ummu Hani ba za ta tsaya gaban jama'a ta kama sunan 'yar fari ba.

"Sunan da kinka kira," in ji Ummu Hani, da ƙyar ake ji.

"Wadda nik kira ga ta nan tsaye da uwatta. In kina da magana ki hwaɗa, mutane na jira." Shugaba ta ɗora biro a kan takarda.

Sai Ummu Hani ta juya gaba ɗaya, ta dubi bakin ƙofa, ta dubi 'yarta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

"Hanifa."

Muryar ta fito kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Hanifa ta cije leɓe. Darasin ludayi ba wasa ba ne, kuma ba ta san sunan a wannan muryar ba.

"Hanifa! Ɗiyata, ni nih haihe ki. Tashi bisa akwatinki!"

"Na'am, Inna!"

Ta miƙe, farin fentin sunanta da ta zauna a kai ya bayyana, kowa ya karanta. Ɗaki ya ɗauki salati. Sharifa ta zame ta zauna a benci ta rushe da kuka, tana cewa ita Sharifa take, ita dama ba ta so, a mai da ita gida. Shugaba ta aika aka ɗauko fayil ɗin ranar jarrabawa, inda hoton asali yake, wanda Alhaji ya ɗauka ba mai buɗewa. Ta dubi hoton, ta dubi Hanifa, ta yi maki. Hajiya ta ce rashin fahimta ne, magana ce ta cikin gida, ta ja 'yarta za su fita. A bakin ƙofa Sharifa ta tsaya, ta cire makullin daga wuyanta, ta miƙa wa Hanifa.

Kafin mako ya zagayo Alhaji ya aiko an ɗauke injinsa daga Argungu, ya ce zumunci ya mutu a zamanin nan. Kalilu ya yi sawu uku Birnin Kebbi yana ba da haƙuri. Dangi kuwa sun yi wata guda suna maganar, kuma in kana tsammanin maganar hoton da aka ɓalle suka yi, ba ka san dangi ba. Maganar Ummu Hani suka yi, matar da ta tsaya a gaban ɗaruruwan mutane ta kama sunan 'yar fari, sau biyu, har da "ɗiyata". Tsofaffi suka ce ido ya buɗe, kunya ta ƙare. Ba wanda ya kira Alhaji da wani suna, don kowa ya san a gidansa ba a sata.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, bayan an watse, Maman Bolu ta zauna a barandar ɗakin kwanan ɗalibai da reza tana warware ƙyallen da ta ƙara, Ummu Hani kuma ta durƙusa ta buɗe akwatin, ta juye busasshen kifin da ke cikin ledarta a gurbin wanda aka ara. Ta danne da gwiwa, ta rufe, ta miƙe tana gyara mayafi, don motar Argungu ba ta jiran kowa.

"Inna," in ji Hanifa.

"Mi?"

"Ƙara hwaɗi."

Ummu Hani ta dubi dama, ta dubi hagu. Idonta ya kawo ruwa, ta goge da bakin mayafi kamar wani abu ne ya faɗa mata.

"Ke," ta ce, "kar ki saba. A kula da makulli."